Akwatin da Ya Ɓace a Jidda

Shekarar da albasa ta yi daraja maigidana ya tafi Umara. Ya sayar da abin da ya noma a Aliero, kuɗin ya biya kujera da masauki, bai bar ko na dabino ba. Ni na shirya masa kaya a akwati ɗaya, kuma da akwati ɗayan ya dawo mana Jega, sai ɗan galan na zamzam.

Mu nan wanda ya dawo daga ƙasa mai tsarki ba a barinsa ya huta. Masu barka da zuwa suka cika zaure, baki yana gaisuwa, ido yana neman inda aka jibge tsaraba. Malam kuwa mutum ne mai kunyar tsiya, ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya gaza. Ina miƙo ruwa daga bakin ƙofa na ji ya gyara murya.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Babban akwatin ya ɓace Jidda. Tsarabarku dut tana ciki."

Saura kaɗan in saki tiren.

Nan take barka ta koma jaje. Duk wanda ya ce Allah ya mayar da alheri, sai Malam ya girgiza kai ya ce masa tasa ma tana ciki. Liman ya samu jallabiya, mai shagon unguwa ya samu agogo, wata ƙanwarsa har keken ɗinki. Yayarsa da ta goya shi ta taso daga Maiyama, ita aka ba dardumar da za ta cika ɗaki, mai laushin nan da ƙafa ke nutsewa.

Da muka keɓe na ce, "Malam, wanga akwati na ko tirela?"

"Ki yi kurum," ya ce. "Kwana biyu kowa ya mance."

Da an manta ɗin, ba don ejan da ya yi masa biza ya zo gaisuwa ba. Yana jin labarin ya tafa hannu. Ashe kuɗin kujerar har da inshora a ciki, kaya in sun ɓace kamfani ke biya. Yaya ta rangaɗa guɗa. Malam ya yi murmushin wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa a gidan surukai.

Ejan ya kira ma'aikacin inshorar, ya ƙara muryar waya kowa yana ji. Daga muryar mutumin ka san ya gaji da duniya.

"Malam, kada ka ji haushin tambaya," ya ce. "Kowa akwatinsa ya ɓace, kuma kowane da zinariya a ciki. Tun da na fara aikin nan ban taɓa jin akwatin tsumma ya ɓace ba. Naka wane launi ne?"

"Baƙi."

"Kore kac ce min," in ji Yaya.

"Baƙi mai kore-kore."

Da aka zo kan abin da ke ciki, Malam bai samu buɗe baki ba. Kowa ya matso kusa da wayar yana faɗin nasa, kada a biya babu shi. Mutumin ya saurara har aka kai kan keken ɗinki, sannan ya tambaya ko jirgin ya iya tashi kuwa. Ya nemi 'yar shaidar da ake ba mutum in ya miƙa kaya, Malam ya ce tana cikin akwatin. A ƙarshe ya ce saboda masu ƙaryar asara sun yi yawa, sai Malam ya je kotu ya rantse kafin a duba maganar.

"Rantsuwa kaɗai?" in ji Yaya. "Tashi ka yi alwala mu tahi."

Ni na kawo masa buta, kuma a nan dariya ta bar ni, tsoro ya kama ni. Mutumin nan noman shekara ya sayar don ya je a wanke masa zunubi, ga shi zai dafa Alƙur'ani a kan akwatin da ba a ƙera ba. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba, har ruwan butar ya ƙare yana tsugune.

Ya koma zaure, ya tsaya gaban yayarsa.

"Yaya, babu akwati. Kuɗin na sunka ƙare, kunya ta hana ni hwaɗi."

Ejan ya kashe wayarsa a hankali.

"Dardumar hwa?" in ji Yaya.

"Babu."

"Na gaya ma Maiyama dut," ta ce. "Kai kac ci jajen mutane, kai za ka bi su gida gida ka maishe musu da abinsu."

Washegari ya hau babur ya tafi. Ya bi Maiyama, ya dawo ya bi unguwarmu, har gidan liman. Da la'asar sakaliya ya shigo, ya zauna bakin tabarma, ya ce ko a Makka bai yi ɗawafi mai wuyar wannan ba. Ban yi masa dariya ba, don ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Na tashi na sa aka yanka masa zakara.