Tsuruta Michiyo, Mai Jinyar Masu Jinya

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi wa Tsuruta Michiyo a gida ba. Takan jingine kekenta a bayan asibitin masu taɓin hankali na garinmu, ta rataya makullai a ƙugu, ta bi gado-gado tana kiran kowa da sunansa, har waɗanda dangi suka daina zuwa dubawa. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Abokan aikinta ba sa manta ranar da wani majinyaci, tsoho Hasebe, masuncin da teku ta cinye masa ɗa, ya kai mata naushi ya fasa mata leɓe. Washegari ita ta kawo masa shinkafa da gasasshen kifi.

"Baba, hannun naka bai kumbura ba?" ta tambaye shi.

Hasebe ya kifa goshi a kan tebur ya yi ta kuka.

Amma kada a ɗauka abin ba ya cin ta. Shekarar da wata mata da ta yi wa jinya wata takwas ta kashe kanta mako guda bayan sallama, Michiyo ta rame, abinci ya ƙi shiga, har ta rubuta takardar barin aiki. Ba ta miƙa ba. Sai ta tara sauran ma'aikatan jinya a ɗakin hutu, mutanen da suka saba haɗiye damuwa su yi murmushi, ta ce, "Ni dai tsoro nake ji. Kullum sai na tsaya a bakin ƙofa ƙafata ta ƙi shiga. Saura wa?"

Can sai Okabe, ƙaton nas ɗin da ake kira idan rigima ta tashi, ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni giya nake sha har barci ya kwashe ni."

"Ashe shi ya sa idanunka kamar garwashi," in ji ta. Aka yi dariya ana share hawaye.

Tun daga nan suke zama duk Laraba, shekara goma sha tara ke nan. Okabe ya bar giya. Yau shi ne shugaban sashen.

Michiyo, ke ce kika fara cewa "tsoro nake ji" a gaban jama'a, kika sauke wa wasu nauyin faɗin nasu. Uwar waɗanda aka manta da su, mun gode.

Ku da kuka rage, daga wata mai kamawa kujerarta ba kowa. Kada ɗakin ya koma shiru. Wani ya daure ya fara magana.