Gawo Biyun da Malama Asiyatu Ta Bari

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Da hantsin ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta, ina ofis ina duba takardun 'yan aji takwas, sai na ga ƙaninki Kassimu ya jingine kekensa a jikin tagata ya tsaya yana kallon ƙasa. Tun kafin ya buɗe baki na ajiye biro. Ya ce Allah ya karɓi ranki da asuba a asibitin Mangochi, bayan jinyar mako uku. Malama Asiyatu Mkwanda, shekara goma sha tara muna aiki tare a makarantar Nakalanje, ni ina shugaba ke kina koyar da kimiyya, kuma ban san akwai malamar da na yi musu da ita kamar ke ba. Yau ga ni ina neman wanda zan yi musu da shi, babu.

Mutane sun faɗi alherinki a wurin zaman makoki, kuma ba su yi ƙari ba. Yaran tsallaken kogi sun tuna kwanon tuwon masara da ƙananan kifi da kike ɓoyewa a bayan allo saboda wanda ya fito gida bai karya ba. Ni ma ina da nawa. Shekarar da matata ta kwanta wata biyu, ke kika ɗauki darussana a kan naki, ba ki taɓa yi mini gori ba, sai dai kin ce rubutuna a allo ya fi ciwon kai wahalar da yara. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne itatuwan nan biyu na bayan aji bakwai, da wani laifi nawa da ban taɓa amsawa a gabanki ba.

Shekara goma sha biyu ke nan da kika sa yara suka tsinto 'ya'yan gawo a gonakin bakin tafki, kika aika wa wata ƙungiyar masana da ke raba wa makarantu aikin gwaji. Suka raba irin gida biyu. Rabi aka sa a kumbo, ya yi wata shida a tashar da ke kewaya duniya can sama, rabi kuma ya yi zamansa a cikin akwati a ƙasa. Da irin ya dawo mana, ya zo a ƙunshi biyu, ja da shuɗi, ba a rubuta komai a jikinsu ba. Amsar wanda ya je sama tana cikin wani ambulan a manne, kuma kika ce ba za a buɗe shi ba sai itatuwan sun shekara ashirin.

Na ce miki wannan wahalar da kai ne. Kika ce idan yaro ya san wanda ya je sama, hannunsa zai ƙara masa ruwa ba da saninsa ba, idonsa kuma zai ƙara masa tsawo ranar awo. Kika miƙo mini ambulan ɗin kika ce in kulle a kabad, tunda ni ke da makulli.

Kin jiƙa irin a ruwan zafi, yara suka shuka goma ja, goma shuɗi. Awaki suka ci rabonsu, gara ta ci nata, fari ya zo ya kwashe saura. Biyu suka rayu, ɗaya daga kowane ƙunshi, taku talatin tsakaninsu. A kansu kika koyar da abin da littafi ya kasa. Kowace Litinin ta farkon wata yara suna fita da igiyar awo, su auna kauri, su auna inuwa su lissafa tsawo, su rubuta. Wanda ya tambaye ki me aka gano, sai ki ce ja ya fi tsawo, shuɗi ya fi kauri, kuma itace biyu ba su isa a yanke hukunci ba, sai an haɗa da awon sauran makarantu. Mutanen gari suna jin haushin wannan amsa. Ni ma ina ji.

A shekara ta uku na kasa haƙuri. Wata ranar Asabar da rana, babu kowa a makaranta, na kara ambulan ɗin a tururin butar shayi, na karanta, na mayar na manne da gam kamar ba a taɓa ba. Na ɗauka na yi wayo.

Bayan kamar wata biyu kika shigo ofis kika ja ƙofa.

"Hedimasta, don Allah ka sake hanyar da kake bi da safe."

Na ce, "Hanyar tawa kuma me ta yi miki?"

"Ni ba ta yi mini komai ba. Amma yaran nan ba makafi ba ne. Kullum sai ka rage tafiya a gindin itace ɗaya, har ka sunkuya kana murmushi kamar ka ga surukinka ya zo da buhun shinkafa. Jiya na kama biyu suna zuba masa ragowar ruwan wanke hannu."

Na fara kame-kame, na ce inuwa nake bi. Kika ce, "Inuwar itacen da bai kai ƙugunka ba? To shi ke nan. Daga yau ta bayan ɗakin girki za ka riƙa zagayowa, ranar awo kuma ka zauna a ofis ka rufe taga."

Ba ki ce na buɗe ba, ni ma ban ce na buɗe ba. Shekara tara ina zagayowa ta bayan ɗakin girki, hayaƙi yana shiga idona, malamai suna cewa koko nake leƙe. Na ji kunya, kuma a nan na gane gaskiyarki, domin daga ranar da na sani, ban sake iya kallon itatuwan nan biyu da ido ɗaya ba.

Bara aka ba mu ginin sababbin azuzuwa uku. Muna da bukatarsu, don 'yan aji ɗaya da biyu a ƙasa suke zama a waje, ruwa na sauka karatu ya tashi. Mai awon fili ya ce ginin ba zai shiga ba sai an sare gawo ɗaya. Che Imedi, shugaban kwamitin iyaye, ya same ki a gabana.

"Malama, abin ai mai sauƙi ne. A buɗe takarda, a bar wanda ya je sama, a sare ɗan'uwansa. Gawo ne fa, ga irinsa nan cike da gonaki."

Kika ce, "Che Imedi, in ka je kotu, shaidarka kake fara kora? Wanda bai je ko'ina ba shi ne shaida. In ka sare shi, da me za a gwada wancan? Sai ya zama itacen da ake zuwa kallo kawai. Kuma ka san mutanenmu. Ranar da suka san wanda ya je sama, kafin mako ya zagayo sun ɓare bawonsa tas, wai maganin ciwon baya."

Che Imedi ya yi dariya, don shi ma yana fama da baya. Amma bai janye ba, kuma ba zan ce mugu ne ba, jikarsa tana cikin masu zama a ƙasa. Aka ɗage magana zuwa bayan girbi. Bayan girbi kika kwanta.

Washegarin sadakar bakwai kwamiti ya zo ofishina su shida. Che Imedi ya ce mai maganar ta tafi, Allah ya ji ƙanta, magina kuma za su wuce wata makaranta idan ba a nuna musu fili ba kafin ƙarshen wata. Ya ce in ɗauko takardar.

Na ce, "Ba sai an ɗauko ba. Na san abin da ke ciki, na sata na karanta tun shekara tara da suka wuce."

Wata daga cikin iyaye ta ce, "Kai, Che Twaibu! Kai da kake zane mana yara a kan satar amsa?"

Na ce ni ɗin dai. Na ce kuma ba zan faɗa ba, makullin kabad yana aljihuna, saura shekara takwas. Che Imedi ya tambaye ni ko yaran a kaina za su zauna idan damina ta faɗi. Tambayarsa daidai ce, kuma na kwana biyu ina juya ta kafin su zo. Na ce a bi ni. Na kai su lambun da ke bayan gidan hedimasta, inda mangwaron matata uku suke, da lemo, da kunyoyin rogo. Na ce a kira mai awo ya gwada nan.

Ginin ya shiga, har da ragowar taku huɗu.

Matata ba ta yi mini magana ba kwana uku. A na huɗu ta ajiye mini tuwo da ƙarfi ta ce, "Ka ba da mangwarona saboda itacen ƙaya. Da ba don Asiyatu ba ce, da yau a ajin za ka kwana." Sannan ta zauna ta yi kuka, ba don mangwaron ba. Ita ce ta riƙa ba ki ruwa a makonki na ƙarshe.

An sare mangwaron ranar Talata, an fara haƙa harsashi. Litinin da ta wuce ranar awo ce. Ba a turo mana wanda zai maye gurbinki ba tukuna, don haka na ɗauka bana za a tsallake wata ɗaya. Ina zaune na ji ƙafafu suna wucewa. 'Yan aji bakwai ne suka ɗauko igiya da littafi da kansu. Na tashi na rufe taga. Ta cikin katako nake jin wata yarinya tana kiran lamba, wani yana cewa ta karkatar da igiyar, ta sake. Suka sake har sau uku. Na kifa kaina a kan tebur, ban iya komai ba har suka gama.

Shekara biyu suka rage mini in yi ritaya, ban kuma san ko zan ga ranar buɗe ambulan ɗin ba. Zan miƙa makullin ga wanda ya gaje ni, in gaya masa abin da na yi da abin da ya biyo baya, ko ya fi ni haƙuri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Che Ajusa, da 'ya'yanki Mwanaisha da Jafali, da mahaifiyarki wadda ta binne 'yar da take sa ran ita za ta binne ta, da Kassimu da sauran dangin ɗakinku. Allah ya ba ku juriyar wannan rashi, ya tsaya muku a inda ta saba tsayawa. Ya Allah ka gafarta wa Asiyatu, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa kowane yaro da ta koya wa faɗin abin da ya gani ba ƙari ba ragi ya zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka sada ta da rahamarka, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Malama, na faɗa wa kwamiti, na faɗa wa duk mai karanta wannan takarda, ke kaɗai ce na bari har lokaci ya ƙure. Ni na buɗe shi. Ki yafe mini.