Almakashi a Hannun Hagu

Bahago direban bas ne, ɗan tela tilo wanda bai taɓa ɗinka ko aljihu ba. Ba ƙiwa ce ta hana shi ba. Almakashin tela don hannun dama aka ƙera shi, in ka riƙe da hagu sai ya dinga tauna yadi maimakon yankawa. Yana yaro, da ya ɗauka sai ubansa ya make masa hannu ya ce, "Ajiye min, Bahago, kada ka ɓata wa mutane kaya." Haka sunan ya bi shi, haka kuma ya bar shago ya kama sitiyari. Wani mai koyo da ake kira Dogo ya maye gurbinsa, yanzu har ya yi furfura, shagon ma yana hannunsa.

Da Baba ya tsufa sai mantuwa ta kama shi. Likita ta zaunar da Bahago ta yi masa bayani. Ta ce kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana ɗauke da umarnin kashe kanta idan ta lalace, don kada ta cutar da na kusa da ita. A ciwon Baba wani datti ne ke taruwa a tsakaninsu, sai su yi ta bin umarnin nan tun lokaci bai yi ba, kuma wadda ta tafi ta tafi ke nan.

"Sabon abu ke fara gushewa," in ji ta. "Abin da hannu ya saba shi ke daɗewa."

Bahago ya ɗauko Baba ya dawo da shi gidansa. Shi ke masa wanka kafin ya fita tasha, shi ke masa aski da yankan farce. Ladansa kullum ɗaya ne: "Na gode, bawan Allah. Ɗan gidan wa ne kai?"

Amma bari Dogo ya leƙo da ledar ƙyallayensa, ya zauna yana yanke-yanke. Nan take fuskar tsohon za ta washe. "Dogo, an gama wuyan rigar nan?" Su yi ta hira, Bahago na tsaye da tawul a kafaɗa kamar ɗan aiki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kishi ya ci shi sosai, bai kuma iya ɓoyewa ba. Har ƙarya ya taɓa yi wa Dogo a bakin ƙofa, wai Baba na barci, alhali ana jiyo tarinsa.

"Kishi da gemunka," in ji matarsa tana dariya. "Ba fuskar Dogo yake ganewa ba, maigida, ƙarar almakashinsa ce."

Maganar ta zauna masa. Abu ɗaya yake so, ubansa ya kira sunansa ko sau ɗaya kafin komai ya goge. Ya lalubo tsohon almakashin Baba ya jefa a mota. Duk lokacin jiran fasinja sai ya yi ta yanka tsoffin jaridu da hannun dama, abokan aiki na tambayarsa ko shago zai buɗe.

Da hannun ya faɗa, ya zauna gaban Baba ya shimfiɗa yadi, ya yanka shi sak, ko Dogo sai haka. Baba ya kalla, ya gyaɗa kai.

"Sannu da aiki, bawan Allah."

Bahago ya koma kan yadin. Babban yatsansa na zogi, sai ya mayar da almakashin hannun hagu ba tare da ya lura ba, ya ci gaba. Yadin ya naɗe, ya taune. Sai ya ji an make masa hannu.

"Ajiye min, Bahago, kada ka ɓata wa mutane kaya."

Bai ajiye ba. Idonsa ya ciko, ya sake kama yadin da hagu, aka sake make shi. Dogo na shigowa ya tarar da su haka, Baba ya yi masa murmushin nan da ya saba. Bahago ya gani, ya kuma ji zafinsa kamar kullum. Ya miƙa hannu ya karɓe ledar ƙyallayen daga hannun Dogo.

"Gobe ka kawo min duk ƙyallayen da ke shagon," in ji shi. "Ni zan ɓata su."