Na Rage wa Injin Tarin Babana Ƙarfi

Har yau idan na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, sai ƙarar injin nan ta dawo mini, fuuu ya hura, fuuu ya zuƙe. A lokacin ban daɗe da gama kwaleji ba, yarinya ce ni mai yawan shiru, wadda kan zauna bakin kogin Haɗeja tana rubuta waƙa a kan balbelu. Mahaifinmu manomin shinkafa ne a wajen Auyo, ciwon jijiya ya raunana shi har tari ya gagare shi, majina ta riƙa taruwa a ƙirjinsa. Yayana ya kawo wani inji daga Kano. Ana kifa masa roba a hanci da baki, injin ya cika huhunsa da iska, sannan ya fizgo ta da ƙarfi, majinar ta biyo. Likita ya saita lambobin, ya gargaɗe mu kada a taɓa.

Ni ban yarda da injin ba. Duk sanda ya zuƙa, idon Baba kan firfito, hawaye su gangaro, sai in ga kamar ransa ake ja da igiya. Na fara tambayar kaina ko likitan ya duba ramar Baba kafin ya zaɓi lambobin. Wata safiya da aka bar ni da shi, na murɗa maɓallin na rage. Injin ya koma numfashi a hankali, hawayen suka tsaya, na ɗauka jinƙai na yi.

Cikin kwanaki kaɗan ƙirjinsa ya fara ƙugi, zazzaɓi ya rufe shi. Ambaliya ta yanke hanya, sai a kwalekwale aka fitar da shi zuwa asibiti. A gida zargi ya sauka kan Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo jinya daga Kafin Hausa, domin ta sha cewa injin nan famfon keke ne, ɗan'uwanta kuwa ba taya ba ne. Yayana ya tuhume ta da yi masa hayaƙin magani a ɓoye. Ta ce masa yaron da ta goya ne yau yake shinshina mayafinta, ta ɗaure kayanta ta tafi. Ina tsaye ina kallo, na bar laifina a kanta. Baba ya dawo gida, amma ƙarfinsa bai dawo ba, kafin girbi Allah ya yi masa rasuwa.

Na san kwana ne ya ƙare, amma na koyi cewa tausayin da babu sani a cikinsa yana cutarwa. 'Yan'uwana masu jinya, idan zuciyarku ba ta kwanta da wani abu ba, ku tambayi likita, kada hannunku ya riga bakinku.

Sai bara, bayan rasuwar Gwaggo, Yayana ya gaya mini cewa injin yana ajiye bayanin duk canjin da aka yi masa. Bayan tafiyar Gwaggo aka duba injin a asibiti, aka nuna masa ranar da aka rage ƙarfin, ya kuma tuna wadda aka bari da Baba. Ya je Kafin Hausa ya durƙusa ya ba Gwaggo haƙuri. Ita ce ta hana shi yi mini maganar, ta ce a bar laifin a kanta, ita ta tsufa, za ta iya ɗauka.