Idon Mamaci

Shekarar da aka buɗe masaƙa a Kakuri yayana ya samu aiki a can, yana ƙulla zaren da ya tsinke a kan inji. Aikin ido ne zalla. Ba a yi damina biyu ba ya fara ganin fitila ɗaya ta zama biyar, kowace da jelarta. Tabarau uku ya canza a banza. In ka dube shi ta gefe, tsakiyar idonsa ta yi tsini kamar mazurari.

Ni lokacin ina koyar da 'yan aji huɗu a Makera, kuma ni ne mai Turancin gidanmu, abin da ban taɓa barin kowa ya manta ba. Don haka da aka ce wani Bature likitan ido ya sauka na mako biyu, ni na raka yaya in yi tafinta.

Likitan ya yi bayani a tsanake, har da zane. Fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido ita ce ta sirance ta turo. Akwai wani ɗan bututu mai kaifi da ake murzawa a yanke ta, da'irar da ba ta fi ramin anini ba. Sai a yanko irinta daga idon wanda bai daɗe da rasuwa ba, a ɗora, a ɗinke da zaren siliki. Mutum ya kwanta makonni, jakunkunan yashi na tokare da kansa.

Yaya ya zungure ni. "Malam, me yake cewa? Kun ajiye ni kamar buhun gero."

Na laluba sunan fatar nan da Hausa, ban samu ba. Ban kuma so Bature ya ga na yi in'ina.

"Yaya, ya ce za a cire naka a sa maka idon mamaci."

Ya ɗauki hularsa. "Idon wa? Ka san abin da ya kalla da shi? Ranar tashin ƙiyama ya zo karɓar abinsa, ni in tsaya da rami? Ce masa na gode."

Na ce wa likitan yayana zai yi shawara.

Sai bayan wata guda, ina tsaye kan wani Inyamuri mai gyaran keke yana yanka roba ya liƙa wa tayata, kalmar ta zo mini. Na tura keken har gida.

"Faci ne, yaya. Ɗan faci kawai yake nufi."

"Faci?" Ya juyo wajena. "To me ya hana ka ce haka? Faci ai kowa na yi."

Likitan ya riga ya koma ƙasarsu. Na rubuta masa wasiƙa biyu da Turanci mai kyan gaske, ba amsa. Kafin Babbar Sallah zare ya riƙa tsinkewa a gaban yaya ba ya gani, aka sallame shi. Ya koma sayar da goro a ƙofar masaƙar, yana gane tsofaffin abokan aikinsa da murya.