Gonar Baba Mai Taya Huɗu

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Maradun, wanda yau in ka ce in nuna maka shi sai dai in nuna maka ruwa. Ba zan faɗi sunana ba, don akwai masu amsa sunan gidanmu da ba su yi wa kowa laifi ba. A gidan ni kaɗai na yi firamare, saboda haka duk takardar da ta shigo ni ake miƙa wa. Mahaifina, wanda muke kira Baba, bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Abin da na ce takarda ta ce, shi ta ce. Da aka fara aikin dam na Bakolori na samu shiga a matsayin karen mota a wata tifa, na koyi tuƙi har na yanki lasin. A lokacin salla ba ta wuce ni, ko warin giya ban sani ba.

Da ruwa ya ci gonakinmu muka taso muka dawo wajen dangi kusa da Birnin Tudu. Abin da aka ba mutane na diyya, wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo da keke. Baba ya ƙulle nasa wata da watanni. Ya ce wannan gonar kakanninsa ce aka naɗe aka ba shi a hannu, ba zai ci ta ba, sai ya sa ta inda za ta riƙa haihuwa. Ana nan muka ji wani makaniken aikin dam mai suna Bitrus zai koma garinsu, yana sayar da motarsa a-kori-kura.

Aka yi cinikin yadda muke cinikin sa. A gindin bishiya, ga shaidu biyu, aka sha hannu, aka raba goro, aka yi fatiha. A wurin Baba magana ta ƙare ke nan. Tun daga ranar bai taɓa kiranta mota ba a cikin gida, gona yake ce mata. Da safe sai ka ji yana tambaya ko an duba gona, ko gona ta kwana lafiya.

Bitrus mutumin kirki ne. Da ya miƙo takardun motar ya ce, "Baba, hukuma ba ta san shan hannu ba. Ƙarshen wata zan tafi. Ku je ofishin lasin tun ina nan, a mayar da takardun nan sunanka."

Baba bai ga amfanin hakan ba tunda akwai shaidu, amma ya ba ni kuɗin da takardun, ya ce in je Mafara in yi abin da ake yi. Na je na tarar da layi, ga rana. A tasha na haɗu da Sani Dogo, wani direba da muka yi aikin tifa tare. Ya ce ai yanzu na zama mai mota, ya kamata in zo in ga inda manyan direbobi ke hutawa. Ya kai ni wani gida a bayan tasha. Ƙwaryar burkutu ta farko da ƙyar na haɗiye ta. Ta uku kuwa ni ne nake kiran a ƙaro wa kowa. Kafin la'asar kuɗin canjin suna sun bi ruwa.

Na dawo gida na ce wa Baba an gama. Ya ce in nuna masa. Na buɗe takardar, na ɗora yatsa a kan sunan Bitrus, na ce ga sunanka nan. Ya karɓa, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallon wurin da na nuna yana murmushi. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Na ce a raina mako mai zuwa zan gyara. Wata ya ƙare, Bitrus ya tafi, ko sunan ƙauyensu ba mu riƙe ba.

Shekara biyu ina jigilar albasa da shinkafa daga Bakura zuwa kasuwar Mafara. Gidanmu ya fara farfaɗowa, ni kuma ina lalacewa. Na tashi daga burkutu na koma kwalba. Abin da mota ta samo sai na gutsuri nawa kafin in kai wa Baba, in ce masa taya ce ta fashe ko mai ya yi tsada. In zan shiga gida sai in tauna ɗanyar albasa. Wa zai tuhumi direban albasa da warin albasa? Na ɗauka wayo nake yi.

Ranar wata Talata na sauke kaya da wuri, na zauna gidan nan na bayan tasha har aka yi azahar. Da na tashi ƙasa tana juya mini, amma na shiga mota. Ban yi nisa ba na ga hanya ta rabu biyu, na bi wadda babu. Na kwashe rumfar wani mai rake, na tsaya da ƙafar mota ɗaya a cikin lambatu. Allah ya tsare, mai raken ya je alwala. 'Yan sanda suka fito da ni ina tangaɗi a gaban duk 'yan kasuwa, har da mutanen garinmu. Aka ja motar zuwa caji ofis, aka ajiye ta a harabar baya.

A kotu aka ci ni tara, aka karɓe lasina. Awakin mahaifiyata aka sayar aka fitar da ni. Baba bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne gobe mu je mu ɗauko gona, ko wani direban ne a nemo.

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko shaidunsa biyu, muka tafi. Wanda ke kula da motocin da aka kama wani saje ne, dattijo mai sanyin magana. Bayan doguwar gaisuwa ya jawo takardun daga aljihun tebur, ya tambaya wane ne Bitrus a cikinmu.

Baba ya ce, "Yallaɓai, shi as sayar muna. Mota tawa ta, ga shaidu, gabansu munka yi ciniki."

Saje ya ce, "Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma sunan da ke nan ba naka ba ne. Ba zan iya ba ka motar wani ba."

Baba ya juyo gare ni. "Ba sunana anka rubuta ba?"

Nan ne wurin da ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya. Sai na ce masa kuskuren ma'aikata ne, zan je a gyara. Da za mu fita saje ya ja ni gefe. Ya ce ya ga irina da yawa, in faɗa wa tsoho gaskiya. Ya ce akwai hanya: Baba ya je kotu da shaidunsa ya yi rantsuwa cewa ya saya, abin zai ɗauki 'yan makonni amma motar za ta fita. Na yi godiya na tafi. Hanyar mai sauƙi ce, sai dai a cikinta dole Baba ya ji cewa ranar da na ɗora yatsa a kan takarda ƙarya na yi masa. Na ji gara komai da wannan.

Na koma wurin Sani Dogo. Ya kai ni wurin wani mai sassaƙa hatimi da tsohon silifa. Muka rubuta takardar ciniki da sunan Bitrus, muka mayar da kwanan wata baya, na sa hannu a madadinsa, aka buga hatimi. Na kai wa Baba na ce an samo takardar, shi zai miƙa da hannunsa tunda shi ne mai mota. Ya sake sa rigar Juma'a.

Saje ya karɓa, ya shinshina ta, ya ce takardar shekara biyu ba ta warin sabon tawada. Ya ɗauko tsofaffin takardun, ya jera sa hannun Bitrus na gaskiya kusa da nawa. Ko Baba da bai iya karatu ba ya ga ba ɗaya ba ne. Maganar ta tashi daga hannun saje ta koma wurin manyansa, aka ce ƙila ma motar ta sata ce. Tunda Baba ne ya miƙa takardar, aka ce ya cire hula da takalmi ya shiga bayan kanta. Na ga tsohon da limamin garinmu ke tashi ya ba shi buzu, zaune a ƙasa kai ba hula, kusa da ɓarayin kaji. Na yi kuka na ce ni ne, shi bai san komai ba. Sai da yamma aka sake shi. Gaskiyar da na ƙi faɗa masa a ɗaki, na faɗe ta a kotu gaban jama'a, tun daga kuɗin canjin suna. Alƙali ya ba ni shekara uku, motar kuma aka riƙe ta a matsayin shaida.

Baba bai taɓa zuwa gidan yari ba. Labarinsa daga bakin saje na ji, wata rana da ya kawo fursunoni. Ya ce kowace Talata tsoho yana zuwa da fartanya a kafaɗa, ya yi sallama, ya wuce harabar baya. Ya nome ciyawar da ta fito a gindin tayoyi, ya share ganyen da ya taru a bayanta, ya zauna a inuwarta har la'asar. Saje ya ce da farko kurata suna dariya, yanzu in sun gan shi sai su ba shi hanya. Sauran ranakun kuma ƙodago yake yi a gonakin shinkafar wasu, mutumin da a da shi ake yi wa aiki. Ranar da na ji wannan ban iya cin abinci ba. Na tuba, na koma salla, ban sake kai giya bakina ba har yau. Amma tubana bai hana ruwan sama sauka a kan motar ba.

Da na fito na tarar da Baba a ƙofar gida, ya rame, bayansa ya ranƙwafa. Na durƙusa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya gajiya, ya hanya, ya ruwa, irin wadda ake yi wa baƙon da aka girmama ba a sani ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ashe da taimakon saje Baba ya yi rantsuwar nan, ga shi shaida ɗaya ya rasu, abu ya yi ta ja. Bayan dawowata da wata biyu takardar sakin mota ta iso. Masinja ya miƙa masa, ina zaune a gefensa. Na miƙa hannu yadda na saba tun ina yaro. Ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya ɗauki sandarsa.

Ya ce, "Bari in tahi makaranta, malam ya duba man."

Muka je ɗauko ta. Wurin da take fes yake, ko tsinke babu, amma damina uku ta yi a tsaye. Tayoyi sun ruɓe, tsatsa ta cinye ƙasanta, injin ya kafe. Makanike ya leƙa ya ce gyaranta ya fi sayen wata, a sayar wa 'yan gwangwan. Baba ya ce ba a sayar da gona sau biyu a rayuwar mutum ɗaya. Aka nemo tsofaffin tayoyi aka ɗaura, aka ɗaure ta da igiya a bayan wata tifa. Ni na zauna a sitiyari, karo na ƙarshe da na riƙe shi, aka ja mu har ƙofar gida mutane suna kallo. Damina ta gaba Baba ya rasu. Na roƙe shi gafara yana kwance, ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe. Amma har ya koma ga Allah bai sake miƙo mini takarda ba.

Ku samari, musamman ku da iyayenku suka mayar da ku idonsu, ku ji ni. Kada ku ɗanɗana giya, ko da wanda ya miƙo muku ya rantse sau ɗaya ne. In kun sha kada ku taɓa sitiyari. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun tana ƙarama, ku sha faɗan ku huta. Ni ƙwarya uku da ƙarya ɗaya suka cinye abin da kakannina suka bari. Motar tana nan a ƙofar gidanmu, kaji suna ƙwai a cikinta. Duk Talata nakan ɗauki fartanyar Baba in nome gindinta, ko da yake na san babu abin da za ta sake haifarwa.