Maɓallin A'a na Kawu

Sai da layi kusan arba'in ya wuce a fuskar kwamfutar sannan na lura kowanne da "ana cirewa" yake farawa, ba "ana sakawa" ba. Ina ji ina gani sunan manhajar da ke tuƙa injin surfanin Kawu ya gilma, ya bi 'yan'uwansa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tela. Shekara talatin yana kan keke, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa ko abinci yake ci. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya sayi tsohon injin surfani haɗe da kwamfutar da ke ba shi umarni. Wanda ya sayar masa ya saka mata tsarin nan na kyauta da masu sa kai ke rubutawa, ya bar masa wasiyya ɗaya: duk abin da ta tambaye ka, ka ce a'a.

Kawu ya riƙe amana. Kullum da safe sai ta nemi izinin sabunta kanta, shi kuma ya danna a'a da ɗan yatsa ɗaya. Da madannin ya sille, ya manna masa maɓallin riga.

"Ni da ita ba mu taɓa faɗa ba," in ji shi. "Ta roƙa, in hana, mu kama aiki."

Ni kuwa na gama digirin kwamfuta, wata huɗu ba aiki, ina zaman benci a shagon. Ganin ƙunshin manhaja dubu da ɗari uku na jiran sabuntawa ya tsaya mini a rai. Ran Talata Kawu ya fita sayen zare, na ce mata e.

Ya dawo ya tarar da ni a jiƙe da gumi. Ga kuma bajo ɗari uku na wata firamare da za ta buɗe ran Litinin, ko rabi ba a yi ba.

"Injiniya, wa ya mutu?"

Na yi masa bayani. Ko na mayar da manhajar injin, ba ta tashi sai da wani tsohon ƙunshi. Sabon tsarin ya kore shi, ya ce in na dawo da shi sai dai ya cire wasu guda casa'in, har da wanda ke kunna fuskar kwamfutar. Rumbun intanet da ake ɗauko tsohon kuwa an rufe shi tuntuni.

Kawu ya gyara tabarau. "Wato ita ba ta zama sai da kakarta, masu gida kuma sun ce in tsohuwa ta shigo su za su kwashe kayansu?"

"Kusan haka ne, Kawu."

"To wa ya aike ka sulhu? Shekara goma sha ɗaya suna zaune lafiya saboda ba wanda ya tambayi ra'ayin kowa."

"Kawu, don tsaro ne..."

"Ɓarawon zane ka gani?"

Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Allura ya ɗauko ya koma surfanin hannu, wanda rabonsa da shi tun ina rarrafe. Zuwa la'asar ya gama bajo ɗaya. Gaggafar da ke tambarin makarantar ta fito kamar kazar da ruwa ya daka. Ya ɗaga ta ya ce in shugaban makaranta ya yi ƙorafi zai ce masa sabuntawa ce.

A ƙasan wani fayil na samo adireshin imel na mutumin da ke kula da ƙunshin, wanda rabonsa da taɓa shi shekara shida. Na rubuta masa ina roƙon tsohon kwafi. Kawu ya sa na fara da gaishe shi da iyali, wai ba a shiga gidan mutum da buƙata tun daga ƙofa.

Yau Juma'a. Kawu ya kai bajo tara da hannu. Ina duba wayata duk bayan minti biyar, har yanzu mutumin bai ba da amsa ba.